Ina Za A Kwantar Da Jirgi Mai Inji?

Maganarmu ta wannan mako a kan makwancin jirgi mai inji ce, watau inda za a ajiye shi da inda za a tura shi ruwa, ba tare da kuɗin ajiya ya cinye ribar dako ba.

Ku sani, a Ingila da Faransa mai jirgi yakan kama hayar gurbi a tashar da suke kira marina. Akwai dakali, akwai mai gadi, akwai wuta da famfo, kuma gwargwadon tsawon jirgi ake biya, kowace mita da kuɗinta a shekara. A Ikoyi ta Legas ma masu hali suna da irin wannan a kulob ɗinsu. To su kansu Turawan, wanda aljihunsa bai kai ba guje wa marina yake yi. Ya ɗora jirginsa a amalanke mai taya ya kai gida, ko ya ɗaure shi da anga nesa da gaɓa. Duk da haka sai ka ji wasu daga cikinmu suna cewa sai an gina mana irin wannan tasha kana mu huta. Ni dai ban ga haka ba.

Dalili na farko ruwanmu ne. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, tafkin cika yake yi yana janyewa kowace shekara. Farin ruwa na zuwa da damina, baƙin ruwa na biyo baya da hunturu daga can Gini da Mali, sa'an nan a yi ta sakin ruwa don wutar lantarki har ya sauka kusan mita 10. Dakalin da aka kafe wuri ɗaya, yau jirgi na jingine da shi, bayan 'yan watanni awaki ne ke kwana a inuwarsa. Dalili na biyu lissafi ne. Jirgin da ke cin kasuwar mako kwana 52 yake aiki a shekara. Sauran kwana 313 fa? Haya za ka yi ta biya yana barci.

Hanyoyin araha suna nan, amma kowane jirgi da tasa. Jirgin katako ba ya son tudu. In ya daɗe a rana katakon sai ya motse, bakin haɗi ya buɗe, ranar da aka mai da shi ruwa ya yi ta yoyo. Shi makwancinsa cikin ruwa ne, a lungun da iska ba ta bugu, da anga mai nauyi da igiya biyu, a bar wa igiyar sarari don hawa da saukar ruwa. A riƙa kwalfe shi, musamman da guguwar farkon damina. Sau ɗaya a shekara a jawo shi kan gumagumai, a duba ƙasansa, a toshe da auduga da kwalta, a mai da shi kafin ya bushe.

Jirgin faiba kuwa tudu yake so. Ba ya motsewa, in mai matsakaicin girma ne majiya ƙarfi kaɗan sun isa su ja shi a amalanke. A sa shi ƙarƙashin rumfa, a ɗaga gabansa, a cire matoshin baya don kada ruwan sama ya taru a ciki. Kada dai a ja shi kan tsakuwa, nan ne cikinsa ke cinyewa.

Shi kuwa inji, ko Yamaha mai doki 15 ne ko mai doki 40, shi ɓarawo ke nema. Kwance shi ba ya cin lokaci. A kai shi ɗaki mai kwado, a rataye shi tsaye a kan katako, tankin mai kuma a ajiye shi dabam, nesa da murhu.

Saboda haka abin da kowace kwata ke bukata uku ne: gangaren siminti, ɗakin injuna, da amalanke ɗaya na taron dangi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma masu jirgi goma in sun yi adashi sun ɗauka. A zuba simintin lokacin da ruwa ya kai iyakar janyewa, don gangaren ya yi aiki rani da damina. A yi masa zara-zara kada santsi ya kada mutane. Mai gadi ɗaya ya wadatar da kowa. Kafin a kafa tubali a nemi izinin NIWA, domin dokar da ta kafa ta a 1997 ta ba ta iko a kan mita 100 daga gaɓar ruwa.

Wani zai ce, Alhaji, kayan taro ba ya ƙarko, kuɗi kuma a hannun wa? Gaskiya ne. Maganinsa littafi. A rubuta wanda ya ba da da abin da aka kashe, Sarkin Ruwa ya shaida, a karanta wa kowa ran kasuwa.

Sai gargaɗi. Araha ba ta ado, kuma yar da jirgi cikin kainuwa da kututture ba tattali ba ne. Ba mu manta da jirgin da ya tsage a hanyar Warra cikin watan Mayu na 2021 ba, da ɗimbin rayukan da suka tafi. Gangare shi ke ba mutum damar ganin ƙasan jirginsa da idonsa kafin ya loda masa mutane da buhuna.

Ku kuma dillalai, in an kawo muku jirgi ku tambayi inda yake kwana tun kafin ku tambayi kuɗinsa. Wanda aka adana shi ke da daraja, la'adarsa ma ta fi kauri.

Allah ya kiyaye mu da sharrin ruwa, ya sa albarka a cinikinmu. Haza wassalam.