Yaɓen Uwar Garke

Duk wanda ya zauna a gidan ƙasa ya san aikin gini bai ƙare ranar da magini ya sauko daga katanga ba. Kowace shekara sai an sake yaɓe kafin ruwa ya sauka. To, haka al'amarin yake ga wanda ya ajiye kwamfutar nan da ake kira saba, wato uwar garke, a ofishinsa ko makarantarsa, maimakon ya kama haya wurin manyan kamfanoni. Shi ne mai gida, yaɓe kuma a wuyansa yake.

Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne, har yanzu akwai masu riƙe da babbar manhajar Ubuntu 20.04 a kan injinsu. Kamfanin Canonical yakan fitar da irin wannan manhaja mai dogon zango bayan kowace shekara biyu, a watan Afrilu, ya kuma yi shekara biyar yana aiko da faci kyauta. Ta 2020 wa'adinta ya cika a ƙarshen Mayu 2025. Inji kuwa ba ya kuka. Yana nan yana aiki kamar jiya, alhali an daina toshe masa ɓaraka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A watan Mayu 2017 annobar WannaCry ta kama kwamfutocin Windows a ƙasashe kimanin 150, har da na asibitocin Ingila, bayan kuwa Microsoft ya fitar da facin tun watan Maris.

Amma fa kada tsoro ya sa a yi gaggawa. Ba a tsallaka daga 20.04 zuwa 24.04 kai tsaye, tilas a yada zango a 22.04, a tabbata kome na tafiya, kana a ɗaga. Umurnin da ke yin aikin, do-release-upgrade, ba shi da wuya. Wuyar tana wajen kayan da ke bisa doron manhajar. Harshen PHP, alal misali, zai tashi daga 7.4 ya koma 8.1, sa'an nan 8.3, kuma tsohuwar manhajar biyan albashi ko ta sakamakon jarrabawa da aka rubuta shekarun baya tana iya ƙin tashi sam. Wanda bai gwada wannan a wani inji dabam ba, ranar Litinin zai gwada shi a gaban ma'aikata.

Kafin a taɓa kome, a kwafe duk abin da ke ciki zuwa wani faifai, a kuma jarraba mayar da shi, domin ajiyar da ba a taɓa buɗewa ba zato ce kawai. A tanadi janareto ko batir, gama ɗaukewar wuta ana tsakar aiki takan bar inji ba tsohuwa ba sabuwa. Mai aiki daga nesa ya lura, manhajar takan buɗe masa ƙofa ta biyu mai lamba 1022 saboda ko ta farko ta rufe. In kuma ta tambaya ko a musanya wani fayil na saiti, a karanta bambancin tukuna, kada a danna don a huta.

Akwai tsarin Ubuntu Pro da ke ƙara wa'adin faci ya kai shekara goma, kyauta ga injuna biyar na amfanin kai. Jinkiri ne mai amfani ga wanda bai shirya ba. A ganina dai, ƙaramin ofis da ke da halin sayen sabon faifai gara ya ɗora sabuwar manhaja a kansa, ya kwaso kayansa sannu a hankali, ya bar tsohon faifan a aljihun tebur har wata guda.