Sabuwar jam'iyya: wa zai biya lanho?

A watan Maris na 2025 hukumomin soja suka rushe dukan jam'iyyun siyasar Nijar, waɗanda yawansu ya haura ɗari. Duk wadda za ta tsiro bayan wannan za ta kira kanta sabuwa, ta zo da sabuwar tuta da sabon take. Kafin a tafa mata, wajibi ne malamai da ƙungiyoyin al'adu su tsare ta da tambaya guda: wa zai biya haraji, nawa zai biya, wa kuma aka yafe wa?

Masu muhawara a kan wannan batu sun kasu gida biyu, kuma kowane gida yana riƙe da guntun gaskiya. Na farko cewa suke a sauke wa jama'a haraji, su huta. Hujjarsu ita ce zamanin Seyni Kountché, da aka soke harajin kai. Sun manta kuɗin uraniyom ne ya toshe gurbin, kuma da farashinsa ya faɗi a farkon shekarun 1980 sai ƙasa ta shiga bashi da tsuke bakin aljihu, makarantu da asibitoci suka ji a jikinsu. Jam'iyyar da ta yi alkawarin aji da alli da magani alhali ta yi shiru a kan inda kuɗin zai fito, yaudara ta shirya.

Gida na biyu cewa suke abin da hukuma ke tarawa ya yi kaɗan. Wannan haka yake: ƙungiyar UEMOA ta sa wa ƙasashenta mizanin kashi 20 cikin 100 na arzikin shekara, Nijar kuwa ta daɗe tana kai-komo a wajen rabin haka. Sai dai duk lokacin da aka ce a ƙaro, hannun aljihun talaka yake nufa. A 2005 aka aza TVA na kashi 19 cikin 100 a kan fulawa da madara da sukari da ruwa da wuta, sai da Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa suka rufe kasuwanni kafin gwamnati ta janye mafi yawansa. Kasafin 2018 ya zo da sabbin haraji a kan magidanta, ya kuma sauke wa kamfanonin waya harajin kiran da ke shigowa daga waje. Shugabannin farar hula da suka yi zanga-zanga suka kwashe watanni a kurkuku. Kamfanin Areva kuwa sai a 2014 ya amince a yi masa aiki da dokar ma'adinai ta 2006. An bar jaki ana dukan taiki.

Zaluncin a fili yake. Mai tuyar ƙosai da mai manyan motoci TVA ɗaya suke biya a kan sabulu ɗaya, alhali ita ribar yininta ce ta tafi, shi ko ji bai yi ba. Malamin makaranta ana cire nasa kafin albashi ya iso hannunsa. Mai gidajen haya goma a Yamai, wa ya san abin da yake karɓa?

Saboda haka jam'iyyar da ke son a yarda da ita ta rubuta abu huɗu a takardar manufofinta. Ta tsare abinci da ruwa da wutar ƙaramin gida daga TVA. Ta wallafa kowace shekara sunayen kamfanonin da aka yafe wa haraji ko kuɗin duwan, da adadin da dalilin. Ta ƙidaya filaye da benayen manyan birane, ta karɓi haƙƙinsu daidai da darajarsu, ko na ɗan jam'iyya ne. Ta tilasta wa kowane magajin gari ya liƙa a ƙofar kasuwa, da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa, abin da tikitin kasuwa ya tara da aikin da aka yi da shi.

Za a ce masu jari za su gudu. Uraniyom na Arlit da man Agadem a ƙarƙashin ƙasar Nijar suke, ba sa ƙaura. Wanda ya daɗe yana gudu shi ne talaka, mai ɓuya idan ya hango mai karɓar lanho, domin bai taɓa ganin kuɗinsa ya dawo masa a rijiya ko a aji ba. Jam'iyyar da ta kasa amsa masa wannan, tsohuwa ce ta sake riga.