Kwamfuta ta hannu: kuɗin da ba a rubutawa a rasit

Tun daga shekarar 2015, lokacin da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, wannan na'ura ta tashi daga kayan ƙawa ta zama abin buƙata har a karkara. Malamin sakandare a Zakka, ma'aikacin lafiya a Batsari, da uban da ɗansa ya samu gurbi a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, kowa laftof yake nema. Bayan faɗuwar darajar Naira a watan Yunin 2023, sabuwa ta gagari mai albashi, jama'a suka raja'a kan ta hannu, wadda ake shigowa da ita daga Turai da Amurka ta Legas, ta gangaro kasuwannin Kano da Katsina.

Wannan jarida ba ta adawa da sayen ta hannu. Abin da muke ƙorafi a kansa shi ne yadda masu ilimi, waɗanda ba za su sayi sa a kasuwa ba sai sun duba haƙoransa, suke zube albashin wata biyu kan na'ura don kawai ta kunnu a shago. Farashin da aka faɗa maka kashi ne kawai na abin da za ka biya. Sauran yana ɓoye a cikin abin da ka iya faruwa, kuma ana iya lissafa shi: a ɗauki kuɗin kowace matsala, a auna shi da yiwuwar aukuwarta, a ɗora a kan farashi.

Mu ɗauki misali da alƙaluman da muka ƙaddara don bayani. An yi maka tayin laftof a kan Naira 200,000, ba garanti. Batirinta kusan tabbas sai an sauya, a sa 30,000. Idan a cikin irinta huɗu ɗaya kan mutu murus, kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗinta, wato 50,000, ya hau kanka tun ranar saye. Ƙananan gyare-gyare da kuɗin mota, 20,000. Ta zama 300,000, kuma in shekara biyu za ta yi, kana biyan 150,000 duk shekara. Wata kuma irin ta ofisoshi, kamar ThinkPad ko Latitude, a kan 260,000 da rubutaccen garanti, mai yiwuwar mutuwa ɗaya cikin goma, za ta tsaya wajen 336,000. In ta yi shekara huɗu, 84,000 ke nan a shekara. Mai tsadar ita ce mai araha. Sabuwa ta 480,000 da za ta kai shekara biyar ma ta fi ta farkon sauƙi.

A nan ne Zakka ta bambanta da Kano. Mazaunin birni in na'urarsa ta tsaya, ya hau adaidaita sahu ya kai wa mai gyara kafin la'asar. Mutumin Zakka sai ya nufi Dutsin-Ma ko Katsina, ya bar aikinsa, wataƙila ya koma sau biyu saboda ba a samu kayan gyara ba, a kan hanyoyin da 'yan bindigar dajin Rugu suka daɗe suna sa matafiyi fargaba. Ga ƙarancin wuta, wanda ke mayar da mataccen batiri babbar matsala, ga janareto mai ƙona caja. Na'ura ɗaya, farashi ɗaya, amma ta fi tsada a hannun mutumin Safana. Don haka shi ya fi kowa buƙatar biyan ƙarin kuɗin garanti.

Akwai kuma aibin da ido ba ya gani. A ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10, sai ga wanda ya shiga tsarin ƙarin wa'adi, kuma akasarin na'urorin da aka ƙera kafin 2018 ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Irinsu ne suka fi araha a kanti, kuma mai shago ba zai fara faɗa maka ba. Masanin tattalin arziki George Akerlof ya bayyana tun 1970 yadda kasuwar kayan hannu ke lalacewa idan mai sayarwa ya san abin da mai saye bai sani ba. Malaman fiƙihunmu sun riga shi: sun bai wa mai saye zaɓin mayar da haja idan ɓoyayyen aibi ya bayyana.

Lissafin yana da iyaka. Matsakaici ne, alhali mutum kwamfuta ɗaya yake saye. Uban da ya sayar da buhunan gero don ɗansa ba zai yi asarar kashi ɗaya cikin huɗu ba. Ko dai ya tsira, ko ya rasa duka. Wanda ba zai iya sayen ta biyu ba, kada ya kusanci wadda ba garanti, kome arhar ta.

Muna kira ga ƙungiyoyin 'yan kasuwar kwamfuta na Kano da Katsina da su wajabta rubutaccen garanti na aƙalla wata uku, ɗauke da lambar na'ura da shekarar ƙirarta. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta bai wa hukumar FCCPC ikon bin kadin irin wannan, kuma ya kamata a ga jami'anta a kasuwannin Arewa.