INJI YA ƘIRGA RUFINMU, TO A NUNA MANA TAKARDAR

'Yan'uwa talakawa, maza da mata, da ku 'yan kasuwa, akwai wata ƙidaya da ake yi mana ba sallama, ba buga ƙofa. Taurarin ɗan adam suna gilmawa ta saman Kano, can nisan ɗaruruwan kilomita, suna ɗaukar hoton ƙasa. Waɗansunsu har abin da bai kai faɗin tabarma ba suna gani. Babu rufin kwano a Unguwar Gano, babu rumfa a kasuwar Tarauni, da ta ɓuyar musu.

Da can hoton bai dami kowa ba, don wa zai zauna ya ƙirga rufin gari guda da ido? Yanzu an sami mai yi. Ana nuna wa kwamfuta dubban hotuna, a ce mata wannan gida ne, wannan gona, wannan kududdufi, har ta iya ganewa da kanta. Shi ake kira ƙirƙirarriyar basira. A 2021 kamfanin Google ya fitar da taswirar gine-gine miliyan 516 na Afirka, duk inji ne ya zana su daga hoto.

Ba mu ƙi abin nan ba, don mun ga amfaninsa a nan gida. Masu allurar shan inna da taswirar hannu suke yawo, ana tsallake rugage da ƙananan ƙauyuka ba wanda ya sani. Daga wajen 2012 aka koma ga hoton sama, aka gano wuraren da ba sa cikin takardar kowa, aka kai musu allura. Yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar cutar ta kama a jihar Kano a Sumaila yake, a 2014, kuma a 2020 aka tabbatar ta bar Afirka. Wanda ya san gidan da ke da gurgu ya san girman wannan aiki.

Amma talakan Kano ya daɗe da sanin mai awo. Kakanninmu sun ga malaman taki na zamanin Turawa suna taka gona, ƙafa bayan ƙafa, suna rubutawa. Ba don a haƙa rijiya suke awon ba. Haraji ne ya biyo baya, ya zauna a wuyan talaka shi da jangali, sai a 1979 gwamnatin Abubakar Rimi ta soke su. Malamin taki kuwa mutum ne, ana ganinsa, ana iya yi masa gardama, wani lokacin ma a ba shi fura ya rage taku. Na yanzu yana sama. Wa za ka kai wa ƙara?

Kuma yana kuskure. Rufi yake gani, ba ya ganin kai. Yadda ake fitar da yawan jama'a shi ne a aika mutane su ƙirga 'yan lunguna kaɗan gida-gida, kamar yadda aka yi a Kano da Kaduna, sannan inji ya auna sauran da su. To ku da kuke zaune a Gyaɗi-Gyaɗi kun san gida ɗaya na haya yana iya ɗaukar iyali shida, ga almajirai a zaure. Rufin ƙasa kuma launinsa ɗaya da ƙasa, inji yakan wuce shi. Rumfuna ashirin da suka haɗa kwano, gini ɗaya ne a wurinsa. Mafi muni, in aka ce ya nuna inda matalauta suke, kyan rufi da kwalta da hasken lantarki da dare yake dubawa. Mai wanki da guga da ya kama ɗaki a bayan gidan attajiri, sai a lissafa shi cikin masu hali.

Kada wani ya ce zancen nesa ne. A Janairun 2021 gwamnatin tarayya ta buɗe rajistar tallafin korona ga matalautan birane, naira 5,000 a wata, kuma hoton sama na cikin abin da aka duba wajen zaɓen unguwanni. Unguwar da inji bai ga talaucinta ba, ta yaya za ta san an tsallake ta?

Ga shi rabon da a ƙidaya mu gida-gida tun 2006, lokacin da aka ce ƙaramar hukumar Tarauni tana da mutum dubu 221 da 'yan kai. Wadda aka shirya a 2023 aka ɗage ta. Yaran da aka haifa a shekarar waccan ƙidaya yau sun isa aure. Da wane lissafi ake raba mana aji da famfo da gadon asibiti? In da na inji ne, a faɗa mana.

Hukumar KANGIS tana da taswirar filaye a kwamfuta, kuma a ƙarshen 2024 gwamnatin jiha ta ce masu filaye su sabunta takardunsu. Madalla. Sai dai idon da ya iya ganin filin da bai biya kuɗin ƙasa ba, ya iya ganin kududdufin da aka cike aka yi gini, da kwatar da aka toshe. Akwai hotunan sama na Kano tun shekarun 1970, a jera na da da na yanzu a gani. 'Yan Kantin Kwari da ruwa ya ci wa atamfa da shadda a damunar 2022 ba sa bukatar a yi musu bayani.

Abin da muke nema ba shi da wuya. A buga taswirar kowace mazaɓa a babbar takarda, da Hausa, a liƙa a makarantar firamare da ƙofar kasuwa, da adadin gidaje da mutanen da inji ya ce ya gani. A ba masu unguwa da shugabannin kasuwa wata guda su bi lungu-lungu da jama'a su gyara. Kada a yanka wa kowa kuɗi, kada a cire sunan kowa daga tallafi, kada a sa wa rumfar kowa jan fenti, bisa hoto kaɗai, sai ma'aikaci ya zo da ƙafarsa ya gani.

Reshenmu na Unguwar Gano shi ya kamata ya fara. A taron mazaɓa mai zuwa a gayyaci kansila, a tambaye shi gida nawa takardar gwamnati ta ce akwai a unguwar, a rubuta amsarsa, a aiko mana mu buga.