Gine-ginen Ƙasa na Gidan Tarihin Jos Suna Neman Gayya

Mutanen Jos da yawa sun fi sanin gidan zu da ke tsakiyar gari fiye da abin da ke maƙwabtaka da shi. A wannan harabar ce Bernard Fagg ya buɗe Gidan Tarihin Jos a 1952, ya tara kawunan yumɓu na Nok da masu haƙar kuza suka riƙa tonowa tun daga 1928. A wani faffaɗan fili kuma aka kafa MOTNA, gidan tarihin ginin gargajiya na Najeriya, a shekarun 1970, bisa tsarin Zbigniew Dmochowski, masanin gini ɗan ƙasar Poland.

Abubuwan da ke MOTNA ba ƙananan samfura ne a cikin gilashi ba. Gine-gine ne da mutum zai shiga ya ɗaga kai ya ga rufi: wani yanki na ganuwar Kano, da fadar Katsina, da Masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina asalinsa a shekarun 1830. A watan Agustan 2023 wani sashe na masallacin Zariya ya rufta ana cikin salla, aka rasa rayuka. Tun daga ranar, kwafin da ke Jos ya ƙara daraja ga duk mai son ganin yadda ake ɗaura bakan gizo da azara da ƙasa.

Sai dai ginin ƙasa ba ya yafe sakaci, balle a Jos inda ake tafka ruwa daga Afrilu zuwa Oktoba. In indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a soro, azara ta jiƙe, gara ta samu shiga. In makuba ta zube ba a sake shafawa ba, katanga ta fara zaizayewa daga gindi. Gyaran da magini zai gama a mako guda da rani, in aka bar shi damina uku sai ya zama aikin kwangila.

Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ita ce mai wurin, kuma nauyin yana wuyanta. Amma kasafin gwamnati ba ya bin kalandar damina. Abin da ya rage shi ne gayya.

A Jenne ta ƙasar Mali, duk shekara gari ne ke fitowa yaɓen babban masallaci: mata na ɗebo ruwa, samari na jigilar ƙasa da kwanduna, magina na bisa katanga. A Legas, ƙungiyar sa-kai ta Legacy 1995 ce ta gyara Gidan Jaekel, tsohon gidan ma'aikatar jirgin ƙasa a Ebute Metta, ya koma ƙaramin gidan tarihi. A Ingila kuwa, National Trust, da aka kafa a 1895, ta dogara ne da dubban 'yan sa-kai wajen buɗe tsofaffin gidajenta ga baƙi.

Jos ba ta rasa hannaye ba. Akwai ɗaliban sashen zanen gini na Jami'ar Jos da za su iya auna tsagewar bango su rubuta duk shekara. Akwai malaman makaranta da suka yi ritaya, masu iya zagayawa da yara suna bayani da Hausa ko Birom ko Turanci. Akwai attajiran Gangare da Dilimi da ba za su ji nauyin tifar ƙasa ko kuɗin azara ba.

Sharaɗi ɗaya ne: sa-kai ba zai maye gurbin gwani ba. Mai kyakkyawar niyya da buhun siminti zai iya yi wa bangon ƙasa illar da ta fi ta ruwa, domin siminti kan riƙe danshi a ciki. Don haka a ɗauko magina daga Kano ko Zariya, a biya su haƙƙinsu, matasa su yi musu lebura suna koyo.

Ya kamata hukumar ta ware kwanaki a watan Fabrairu ko Maris, ta buɗe rajistar masu sa-kai, ta kuma riƙa bayyana abin da aka tara da inda aka kashe shi.