Kada Mu Haƙa Rijiya Biyu a Gida Ɗaya

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, musamman masu nazarin ilmin kwamfuta, ina roƙon ku ba ni aron kunnuwanku, domin akwai wata al'ada da ta yi mana katutu wadda ya kamata mu dube ta da idon basira. Al'adar kuwa ita ce raba ilmin gina manhaja gida biyu: a wannan zango a koya wa ɗalibi gina manhajar da ake girkawa cikin kwamfuta, a zango na gaba a koya masa gina shafin intanet, kamar dai babu dangin iya babu na baba tsakaninsu. Sai ka ga ɗalibi ya rubuta aiki ɗaya sau biyu, ya yi gumi biyu, ladan kuwa ɗaya.

Bari in kai ku Illela, garin da ke kimanin kilomita 80 arewa da Sakkwato, wanda ke kallon Birnin Ƙonni ta ƙasar Nijar. Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Lahadi a can ya san cewa ɗan kasuwa yana lissafi da kuɗi iri biyu, naira da sefa. Har ma kalma ɗaya tana da fuska biyu: jaka a bakin mutumin Nijeriya naira 200 ce, a bakin mutumin Ƙonni kuwa sefa 1,000 ce, domin su da dala suke ƙirge, dala ɗaya sefa 5. Rubutun ma haka: abin da muke rubutawa 'ya'ya, su ƴaƴa suke rubutawa.

To, a ce wani dillalin shanu ko mai sayar da hatsi ya nemi ɗayanmu ya gina masa manhajar riƙe lissafi. A rumfarsa yana bukatar wadda za ta yi aiki cikin kwamfutarsa ko da sabis ya ɗauke. Ɗansa da ke karatu a Sakkwato kuwa yana son ya buɗe shafin intanet ya ga abin da aka sayar da bashin da ake bi. In muka rubuta lissafin canji sau biyu, ranar da farashin sefa ya motsa, ko aka rufe iyaka kamar yadda aka yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sai mun yi gyara a wuri biyu. Ranar da muka manta da ɗaya, littafin uba ya saɓa da na ɗa, amana ta zube, sunanmu ya ɓaci.

Duniya kuwa ta daɗe da gano maganin wannan. A 2013 kamfanin GitHub ya fito da abin da daga baya aka sa wa suna Electron, wanda ke ba mutum damar ɗaukar HTML da CSS da JavaScript, wato kayan gina shafin intanet, ya gina manhajar kwamfuta da su. Visual Studio Code ɗin da yawancinmu ke rubutu a cikinsa, wanda Microsoft ya fitar a 2015, a kan Electron aka gina shi. Google kuma ya fito da Flutter, wanda ya fara da wayar hannu a 2018, ya kai ga intanet a 2021, ya kai ga Windows a 2022, duk da rubutu ɗaya cikin harshen Dart.

Na san wani zai ce, ai kowane allazi da nasa amanu. Gaskiya ne. Kowace manhajar Electron tana tafe da burauzar Chromium sukutum a cikinta, saboda haka tana da nauyi, tana cinye ƙwaƙwalwar kwamfuta, ga cin data wajen saukewa. Tsohuwar kwamfutar gwanjo da ke rumfar kasuwa, wadda ake caji da janareta ko hasken rana, ba lalle ta ɗauka ba. Amma wannan ba hujjar komawa gidan jiya ba ce. Akwai Tauri, wanda ya fito sosai a 2022, wanda ke aron burauzar da ke cikin kwamfutar tun asali, don haka manhajarsa ba ta da nauyi sosai.

Abin da nake kira gare shi ya fi sunan kowane kamfani. Mu koyi raba ciki da fuska. Cikin manhaja shi ne lissafi da ƙa'idoji: yadda ake juya sefa zuwa naira, yadda ake rubuta bashi, yadda ake jera sunaye masu ƙ da ɗ da ɓ. Wannan a rubuta shi sau ɗaya, a gwada shi, a killace. Fuska kuwa, wato maɓallai da tagogin da mutum ke gani, ita ce ke canzawa daga kwamfuta zuwa burauza. Wanda ya iya wannan, ko gobe Electron ya kwanta dama, sana'arsa na nan.

Saboda haka ina ba Ƙungiyar Ɗalibai shawara biyu. Ta farko, ta roƙi malamanmu, cikin ladabi, su amince aikin kammala digiri ya zama ciki ɗaya mai fuska biyu. Ta biyu, ta buɗe rumbu guda inda masu fita za su bar abin da suka rubuta, domin na baya su ɗora a kai, maimakon ayyukanmu su ƙare a kan kanta ƙura na cin su. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma mai shanun Illela yana jiranmu.

Allah ya sa mu dace, amin.