Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Gansakuka a Akwatin Kiwon Murjani

A ƙasashen Turai da Amurka da Japan akwai masu sha'awar kiwon murjani a cikin akwatin gilashi mai ɗauke da ruwan gishiri. Murjani dai dabba ce 'yar mitsitsiya wadda ke gina wa kanta gida na farar ƙasa a tekuna masu ɗumi. Babbar abokiyar gabar masu wannan kiwo ita ce gansakuka, wadda kan lulluɓe duwatsu da gilashi har ta shaƙe murjanin. Da yawansu kan garzaya kanti neman maganin kashe ta. Wannan kuskure ne, domin gansakuka alama ce kawai, ainihin cutar tana cikin ruwan.

Duk ɗalibin da ya taɓa duba buhun takin zamani ya ga haruffan NPK. Biyun farko, wato naitirojin da fosfaros, su ne abincin gansakuka kamar yadda suke abincin masara. A cikin ruwa sukan kasance a siffar naitiret da fosfet, kuma ba su da launi ko wari. Tekun da murjani ke rayuwa a ciki yana da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, amma waɗannan sinadarai biyu kaɗan ne ƙwarai a cikinsa. Murjani ya saba da wannan ƙaranci, saboda a cikin jikinsa akwai wasu ƙwayoyin tsiro da ke sarrafa masa abinci daga hasken rana. Da zarar taki ya yawaita, sai gansakuka, wadda ta fi shi saurin girma, ta tare masa haske da wurin zama.

To, ta ina takin ke shiga akwati? Ta kashin kifi, da ragowar abincin da ya ruɓe, da kuma ruwan famfo. Na ƙarshen ya fi yaudara. Kullum ruwan akwati yana raguwa saboda tururi, amma tururi ba ya tashi da gishiri ko fosfet. Idan aka riƙa cike gurbin da ruwan famfo, kowace ƙari na barin nata ɗan guntun, har ya taru. Ruwan da ya dace mutum ya sha ba lallai ne ya dace da murjani ba. Don haka ƙwararru ke tace ruwa da na'urar da ke matsa shi ta cikin wata fata mai ƙananan ƙofofi, wadda ke barin ruwa ya wuce ta tsare yawancin abin da ya narke a cikinsa, kafin su zuba masa gishirin teku.

Maganin kashe gansakuka kuwa yana da aibu biyu. Wanda ke ɗauke da sinadarin tagulla yakan kashe murjani da dodon koɗi tare da ita. Sannan gansakukar da ta mutu takan ruɓe ta mayar da takin da ta sha cikin ruwan, sai sabuwa ta tsiro. An kashe maciji ke nan ba a sare kansa ba.

Teku ma ya ba da shaida. A gaɓar Kaneohe da ke tsibirin Oahu na Hawaii, an yi shekaru ana malala ƙazantar gari cikin ruwa, har wata koriyar gansakuka ta mamaye murjani. A 1977 da 1978 aka karkatar da bututan zuwa teku mai zurfi, kuma cikin 'yan shekaru gansakukar ta ragu sosai, murjani ya fara farfaɗowa. Ba a zuba ko ɗigon magani ba.

Sai dai tsabtar ruwa kaɗai ba ta wadatar ba, dole a sami masu cin gansakukar. A Jamaika, yawan kamun kifi ya rage kifayen da ke kiwonta, sannan a 1983 annoba ta hallaka yawancin bushiyar teku, wata dabba mai ƙaya da ke ƙwalƙwale ta daga duwatsu. Daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon shekarun 1990, wurin da murjani ya rufe ya faɗo daga kusan kashi 50 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 5, gansakuka kuwa ta kai kusan kashi 90. Wannan ne dalilin sa dodon koɗi da kifaye masu cin tsiro a akwati.

Wasu na cewa na'urar tacewa tana da tsada, kuma murjani kan dusashe idan aka ƙwaƙule takin ruwa gaba ɗaya. Duka biyun gaskiya ne. Amma kuɗin na'ura bai kai asarar dabbobin da suka yi shekaru suna girma ba, kuma abin da ake nema shi ne daidaito: abinci gwargwado, da sauya kashi 10 na ruwan a kai a kai, da auna naitiret da fosfet kafin ido ya ga kore.

Ya kamata malaman kimiyya su koya wa ɗalibai wannan ɗabi'a. Duk inda ruwa ya yi kore, a akwati ne ko a kududdufi, tambayar farko ita ce: me ke shiga cikinsa, kuma daga ina?